Yaya zan gode wa Allah a kan ni'imar da ba na iya faɗa wa kowa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ni direban babbar mota ne, a da ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwannin Kudu, kuma a kan wannan hanya ce giya ta kama ni, tun daga kwalba guda a inda direbobi ke yada zango, har ta kai ina ɓoye giyar leda a ƙarƙashin kujerar mota. Tun da Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 ba a sayar da ita a fili a garinmu, saboda haka a gida ana yi mini kallon mutumin kirki, in ban da uwargida da yayana waɗanda suka san halin da nake ciki.

Da na yanke shawarar bari, jikina ya kama rawa, gumi ya riƙa keto mini cikin dare, barci kuma ya ƙaurace mini. Yaya ne ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato, inda likita ya bayyana mana cewa wanda jikinsa ya saba da giya bai kamata ya yanke ta lokaci guda ba tare da kulawar asibiti ba, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ma da asarar rai. Alhamdulillahi, watanni sun shuɗe ban kurɓa ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu ƙananan abubuwa ne suke cika mini zuciya da godiya. Ina riƙe kofin shayi a teburin mai shayi bai zube mini a riga ba. Kiran sallar Asuba yana tashe ni, na tafi masallaci da ƙafata, kaina garau. Ƙaramar ɗiyata, wadda a da take kawar da fuska idan na ɗauke ta, yanzu kan cinyata take yin barci bayan Isha'i, ni kuwa sai na kasa motsi don kada na tashe ta. Kuɗin cefane ma suna kaiwa ranar kasuwa. A wurin wani waɗannan ba komai ba ne, amma ni suna sa ni hawaye.

To a nan ne na rasa mafita. Allah ya ce a ƙarshen Suratud Duha a ba da labarin ni'imar Ubangiji, sannan na ji malamai suna karanta hadisin Bukhari da Muslim da ke gargaɗi ga mai tona wa kansa asiri bayan Allah ya suturce shi. Ba zan iya bayyana wannan ni'ima ba sai na faɗi ramin da aka tsamo ni. Ga shi kuma akwai wani yaron mota da nake gani ya fara sayen giyar leda a tasha, kuma na tabbata maganar wanda ya ɗanɗani wahalar za ta fi ratsa shi a kan faɗan kowa. Shin ya halatta na keɓe da shi na gaya masa labarina, ko kuwa na yi masa nasiha kawai na rufe nawa?

Sannan Malam, ba kullum godiyar take zama ba. Wata rana da magariba sha'awar takan taso mini da ƙarfi, musamman idan na lura uwargida ta matso tana shinshinar numfashina a fakaice. Ban ga laifinta ba, domin ta sha wuya, amma abin yana sosa mini rai, har na ji kamar duk ƙoƙarin bai karɓu ba. Me zan riƙe a irin wannan lokaci?

Kakar albasa ta gabato, mai motar kuma ya aiko yana so na koma hanyar Kudu, inda zangon da abokan suke nan yadda na bar su. Kuɗin ya fi na jigilar Jega zuwa Birnin Kebbi da nake yi yanzu nesa ba kusa ba, ga kuɗin makarantar yara yana jira. Ina roƙon ka ba ni shawara kafin na ba shi amsa, kuma a sakaya sunana.

Wassalam.
Ɗanka mai sauraro, daga Aliero.