Wasiƙa daga New York: na samo maka mutumin da ka ce babu shi

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Na san ka gaji da jiran amsata, ka yi haƙuri, aiki ne ya sha mini kai, ga sanyi ya fara leƙowa. Abin da ya sa na zauna rubuto maka yau shi ne musun nan da muka yi a ƙofar gidanka daren da zan taho, da ka rantse cewa ba a taɓa yin ɗan siyasar da aka nuna wa hanyar murɗe zaɓe ya kau da kai ba. To mutumina, na samo maka guda, Ba'amurke ne mai suna John Jay.

Asabar ɗin da ta wuce na hau jirgin ƙasa daga tashar Grand Central zuwa Katonah, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, na je gonar John Jay. Gidan katako ne mai dogon baranda, ga katangun duwatsu an jera su babu siminti, ganye duk ya yi ja ya zube yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. A nan ya yi shekara 28 na ƙarshen rayuwarsa.

An haife shi a birnin New York a 1745, jikan wani Bafaranshe da ya gudo daga ƙasarsa saboda takurar addini. Ya yi karatu a King's College, wadda yanzu ita ce Jami'ar Columbia, ya zama lauya kamarka. Shi da Benjamin Franklin da John Adams suka sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 1783, wadda Ingila ta amince da 'yancin Amurka a cikinta. A 1789 shugaban ƙasa George Washington ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Amurka na farko. Kada sunan ya ruɗe ka, kotun ƙolin lokacin ba ta da wani kwarjini. Da suka yi zaman farko a Fabrairun 1790 ko ƙara ɗaya ba su tarar ba, kuma doka ta ɗora musu yawon gari-gari a keken doki suna shari'a, ga taɓo ga ƙanƙara.

Yana kan wannan kujera aka tsayar da shi takarar gwamnan New York a 1792 (na san za ka ce ina aka taɓa jin alƙalin alƙalai a takara, to a lokacin an yi). Ya kara da George Clinton, wanda ke kan mulki tun 1777. Kwamitin ƙirga ƙuri'a, da mutanen Clinton suka fi yawa a ciki, ya soke ƙuri'un gundumomi uku, Otsego da Tioga da Clinton, wai ba a kawo su ta hannun da doka ta ce ba. Da haka Clinton ya tsira da ratar ƙuri'a ɗari da 'yan kai. Magoya bayan Jay suka tunzura, shi ya riƙa ba su baki.

A 1794 aka aike shi Landan sulhu da Ingila. Yarjejeniyar da ya dawo da ita ta hana yaƙi, amma jama'a suka ce ya sayar da su, har suka riƙa ƙona mutum-mutuminsa a tituna. Tun kafin wannan hayaniya ta tashi, ya sauko daga jirgin ruwa a 1795 ya tarar an zaɓe shi gwamna yana can. Ya ajiye alƙalanci ya karɓa.

Yanzu ga inda nake son kai ka. A Mayun 1800 jam'iyyar Thomas Jefferson, mai takarar shugaban ƙasa a ɓangaren adawa, ta lashe majalisar jihar, kuma a lokacin majalisar ce ke zaɓen wakilai 12 da za su jefa wa shugaban ƙasa ƙuri'a. Ke nan jam'iyyar su Jay ta ga faɗuwa ƙiri-ƙiri. Sai Alexander Hamilton, jigo a jam'iyyarsu, ya rubuto masa cewa ya yi maza ya kira tsohuwar majalisa kafin wa'adinta ya cika, a sauya dokar zaɓen wakilan don a tare wa Jefferson hanya. Ikon kiran yana hannun Jay a matsayinsa na gwamna, kuma shi ne wanda aka yi wa irin wannan wayon shekara takwas da suka wuce. Bai ko ba Hamilton amsa ba. Ya dai rubuta a bayan takardar cewa shawara ce ta biyan buƙatar jam'iyya wadda bai ga ta dace da shi ba, ya ajiye. Ƙuri'u 12 ɗin nan su suka kayar da shugaba mai ci John Adams, ɗan jam'iyyar su Jay.

Ba zan ɓoye maka tabonsa ba, don na san za ka tono. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar 'yanta bayi ta New York a 1785, shi kuma ya sa hannu a dokar 1799 ta kawar da bauta sannu a hankali, alhali akwai bayi a gidansa. Dokar ma dubi yadda take: yaron da baiwa ta haifa bayan 4 ga Yuli 1799 ɗa ne, amma sai ya yi wa uban gidan uwarsa aiki har shekara 28, mace kuma 25. Ƙarfin mutum ai a nan yake. Ina tsaye a gonar nan ina tunanin su wa suka yi masa girki da wanki, raina bai yi daɗi ba. Sai 1827 bauta ta ƙare a jihar.

A ƙarshen 1800 Adams ya sake miƙa masa kujerar Alƙalin Alƙalai, majalisar dattawa ta amince, ya ce ba ya so, kotun ba ta da ƙarfi da martabar da take buƙata. John Marshall aka ba. Shi kuma ya tattara ya koma gona a 1801, matarsa Sarah ta rasu shekara guda bayan haka, ya zauna can har ajalinsa a 1829.

Ina jiran hujjarka, don na san ba ka rasa ta cewa. In ka sami mai tahowa, a taimaka mini da yajin ƙuli da kilishi, wanda na zo da shi ya ƙare tun watan jiya. Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a, a gaida 'yan majalisa duka.

Wassalam,
Naka abokinka