Gwajin jini kafin allurar kemo ba ɓarnar kuɗi ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin iyayenmu mata na zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, game da abin da ke biyo bayan gano sankarar mama. Kowane Oktoba ana kiran mata su duba nononsu, kuma hakan daidai ne, sai dai ba kasafai ake bayyana musu dalilin da ya sa likita a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu yake tura su gwajin jini kafin kowace allurar kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) ba, har wasu suna ɗauka dabarar cin kuɗi ce.

Magungunan kemo irin su doxorubicin da cyclophosphamide, waɗanda akan bayar duk bayan kwana 21, ba sa bambance cutar da ɓargon da ke samar da jini. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan ragu ƙwarai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Idan a takardar gwaji adadin nau'insu da ake kira neutrophil bai kai kimanin 1,500 ba, ko ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suka gaza 100,000, likita yakan ɗage allurar, kuma wannan jinkiri ba ya nufin magani ya gaza. A wannan gwajin ne kuma ake duba hanta da koda, don haka wajibi ne mai shan jiƙo ko sassaƙe ta faɗa wa likitanta gaskiya, tun da wasu daga cikinsu suna wahalar da hanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zazzaɓi. Mun saba a zango duk zafin jiki na cizon sauro ne, sai a aiki yaro kanti ya sayo farasitamol. Ga mace mai karɓar kemo, idan zafin jikinta ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius a waɗannan kwanaki, to ko da tsakar dare ne a kai ta asibiti, domin ƙwayar cuta tana iya shiga jininta cikin sa'o'i kaɗan alhali garkuwarta tana ƙasa.

Akwai kuma gwajin jini na CA 15-3, mai auna wani sinadari da sankarar mama kan ƙara yawansa, wanda ya fi amfani wajen bibiyar sankarar da ta riga ta bazu. Lambarsa takan iya hawa na ɗan lokaci a makonnin farko na magani ko da yana aiki, ciwon hanta ma yakan ɗaga ta, saboda haka likita ba ya yanke hukunci da ita sai ya haɗa da hoto da duba jiki. Kada dangi su karanta takardar a gida su dakatar da maganin.

Ina kira ga limamanmu da magajiyoyi da masu shirye-shiryen Hausa a rediyo su gayyato ma'aikatan jinya su yi wannan bayani da harshenmu, kuma kowace mai jinya ta riƙa adana takardun gwajinta a jaka ɗaya tana zuwa da su duk ranar asibiti.

Wassalam,
Wata mai karatu,
Aboabo, Kumasi