Hoton gidan mota ba ya nuna masai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu na Ngaundere masu yawo da hoton gidan mota na Amurka, wato motar da aka tsara ta kamar gida ana zama a ciki, a waya, wai ga aljannar duniya. Ni mai gyaran famfo ne, kuma ƙanena a irin wannan motar yake kwana, a wani sansani kusa da Williston, jihar Dakota ta Arewa, inda ake haƙar mai. Hayar ɗaki ce ta fi ƙarfinsa.

Motar ba ta da shadda. Tankunan ƙazanta biyu ne a ƙarƙashinta, ɗaya na bayan gida, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke. A hunturunsa na farko sai ya yi dabarar malalaci, ya bar bawul ɗin tankin bayan gida, wato makunnin da ke buɗe shi da rufe shi, a buɗe, wai komai ya riƙa zarcewa ramin sansani ta tiyo. Ruwa ya tsiyaye, ba-haya ya zauna ya yi tsibi, ɗan abin da ya rage a tiyo ya daskare. Can sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mu nan hazo kawai ke sauka mu yi faɗa da wankan asuba. Ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ina roba za ta jure? Tiyo ya tsage. Ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, yaya zan yi?" Ni da tunda nake ban taɓa ganin bututu ya daskare ba!

Wani dattijo maƙwabcinsa ne ya ɗora shi a hanya. Bawul a rufe har tanki ya kai kashi biyu cikin uku, don nauyin ruwan ya kwashe komai. A juye da rana tsaka, na bayan gida tukuna, sannan na wanka ya ɗauraye tiyo, a zazzage shi a adana. Bayan nan a zuba maganin hana daskarewa mai ruwan hoda, ba na lagireto ba, don na lagireto guba ne. Ƙanen nawa ya kuma kewaye ƙasan motar da allunan soso don iska.

Jiya ya turo mini hotonsa durƙushe cikin dusar ƙanƙara, da safar hannu, yana jan tiyo. Na duba Facebook ɗinsa, wannan bai sa ba.

Naka,
Mai gyaran famfo, Ngaundere, Kamaru