A Riƙa Tambayar Likita Ta Ina Zai Yanka

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyayen masu sikila da aka ce ƙashin kwatangwalon 'ya'yansu ya lalace, sai an sa na ƙarfe. Ciwon kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu, shi ya sa a wajenmu ba tsofaffi kaɗai ake yi wa wannan tiyata ba. 'Yan mata ne da samari ake turawa Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma na lura iyaye kan tambayi kuɗi da ranar sallama, ba mai tambayar tabo. Ita kuwa yarinyar da za a yi wa aikin, shi ke cin ta a rai, kunya ke hana ta faɗi.

Fata tana da layukan da take bi wajen miƙewa, wani likitan Ostiriya mai suna Karl Langer ya zana su tun 1861. In yanka ya bi layin, bakin rauni kan haɗu ba gardama, tabon ya fito siriri. In ya gitta shi, duk takun da aka yi sai fatar ta ja ɗinkin, a hankali tabon ya yi faɗi. Likita na iya shiga ta bayan ɗuwawu, ko ta gefe, ko ta gaba. Ta gaban ma iri biyu ne: a tsaga a tsaye bisa cinya, ko a bi lanƙwasar matsematsi, inda tabon kan ɓuya a cikinta.

Kada dai wannan ya ruɗi kowa. Kusa da yankan gaba akwai jijiyar da in an taɓa ta, gefen cinya kan yi kamar ya mutu na tsawon watanni. Sannan matsematsi wurin gumi ne, ga zafin bazarar Kebbi, dole a kula ya zauna a bushe. Ni a ganina, hanyar da hannun likita ya saba da ita ta fi kyan tabo muhimmanci, don tafiya aka je nema. Amma a tambaya, ba raini ba ne.

Abin da na fi so a faɗa wa likita shi ne tarihin fatar gidan. Baƙar fata ta fi yin tabon nan mai tudu da ƙaiƙayi, irin wanda kan fito bayan hujin kunne. In yarinya ko mahaifiyarta na da shi, a nuna wa likita tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Bayan an warware ɗinki kuma, don Allah iyaye mata a bar shafa toka da garin magani. Akwai filastar silikon da likita kan rubuta in rauni ya rufe, kuma tabo kan kai shekara ɗaya ko fiye kafin ya kwanta, don haka kada a tsorata da kaurinsa a watannin farko.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Birnin Kebbi.