Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Kwamitin Kula da Halitta na Cocinmu

Fada, Baba Katikis, iyayenmu mata na Zumunta, matasa da sauran 'yan'uwa, salamar Kristi ta kasance tare da ku.

A bana ne wasiƙar Laudato Si' ta cika shekara goma, wadda Paparoma Faransis ya rubuta kan kula da halitta, ya kuma sa wa hannu ranar 24 ga Mayu, 2015. Mun shirya bikin wannan cika, sai ga labarin rasuwarsa ranar 21 ga Afrilu, washegarin Ista. Don haka taron da muka yi a watan Mayu ya zama na addu'a da karatu. Baba Katikis ya fassara mana wasu sassa da Hausa, ya haɗa da Farawa 2:15, inda Allah ya sa mutum a gonar Adnin domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Wata uwa daga Zumunta ta ce noma dai mun iya, kiyayewar ce ta gagare mu. Maganarta ta bi mu har ƙarshen shekara, kamar yadda za ku ji.

Bari in fara da abin da bai yi daɗi ba. Itatuwan da muka dasa a daminar bara a gefen makabarta da bayan makarantar firamare, fiye da rabinsu ba su ga ruwan bana ba. Mun dasa su a ƙarshen Agusta don mu dace da Lokacin Halitta, wanda Ikilisiya ke kiyayewa daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idin Waliyyi Faransis na Asisi. Kalandar coci ta yi mana daidai, ta gona kuwa ba ta yi ba: ruwa ya ɗauke kafin saiwa ta kama ƙasa. Da hunturu ya shigo, jadawalin ban ruwa ya watse, aka bar wa yara biyu masu hidimar bagade da jarka ɗaya. Abin da rani ya rage, awaki suka ƙarasa. Ni da kaina na tarar da akuya ta zura kai ta ƙarƙashin kwandon da muka kifa wa wani mangwaro, ta cinye shi har ƙasa, ga allon sunan iyalin da suka ba da shi yana tsaye a gefe. Laifin namu ne a kwamiti, mun fi ba da ƙarfi ga ranar dashe da ɗaukar hoto fiye da watanni shida da ke biye.

Bana mun sauya. An yi dashe a farkon Yuli, kuma kowace bishiya an ɗora ta a wuyan gida ɗaya, da suna a littafi. Mun rage mangwaro a filin da ba shinge, muka ƙara dogon yaro da tsamiya, zogale kuma aka raba wa mata su kai cikin gida inda ido ke kansa. Reno kuwa a ledar fiya wata muka yi shi. Matasa ne suka tsince ta daga kwatar gaban coci da filin kasuwa, aka yanka bakinta, aka cika da ƙasa da taki. Ba mu sayi leda ko ɗaya ba, kwatar ma ta samu hanya.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya faru ne a gonar coci. Wani dattijo cikinmu da ya taɓa zama a ƙasar Maraɗi ya hana a tumɓuke kututtura lokacin sharar gona. Ya nuna mana yadda manoman can ke yi tun shekarun 1980, abin da suke kira sassabin zamani: a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a jikin kututture, a sare sauran, a bar su su miƙe. Saiwar tana nan tun da can, ta riga ta kai ga laima, ba ta neman jarkar kowa. Kalgo da ɗorawar da muka bari haka sun wuce duk abin da muka dasa da hannu. Muna roƙon membobi masu gona su zo su gani kafin sharar baɗi.

Batun gawayi ne ya fi tayar da jijiyar wuya. A lokacin azumi, wanda ya fara da Larabar Toka ranar 5 ga Maris, matasa sun kawo shawarar a roƙi kowane gida ya yi azumin gawayi, ganin yadda ake sare kaɗanya, itacen da kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Iyayenmu mata ba su yarda ba, kuma a ganina da gaskiyarsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi da itace. Wadda za ta dafa wake ga mutum tara ba wa'azi take buƙata ba. Shi kansa Paparoma Faransis ya haɗa kukan ƙasa da kukan matalauta wuri guda. Abin da aka tsayar shi ne koyon gina murhun laka mai tsimin itace. An gina ɗaya a kicin ɗin coci, an dafa abincin bikin kaka a kansa, masu girkin sun ce itacen da suka saba ƙonawa bai ƙare ba. Na farko da muka gina ya tsage don ba a bar shi ya bushe a inuwa ba, a kiyaye wannan.

A fannin ibada, Fada ya sanar da mu cewa Paparoma Liyo na 14 ya amince da sabbin addu'o'in Mas domin kula da halitta, ya kuma yi amfani da su a watan Yuli. Mun rufe Lokacin Halitta ranar Asabar 4 ga Oktoba da Mas a ƙarƙashin kukar harabar coci, aka tuna da waɗanda ambaliyar Mokwa ta halaka a ƙarshen Mayu. Mawaƙa sun rera yabon halitta na Waliyyi Faransis, wanda ya cika shekara 800 a bana, inda yake kiran rana ɗan'uwa, ruwa kuma 'yar'uwa. Yara sun yi ta dariya, amma sun haddace.

Kuɗin da ya shigo daga baiko na musamman da gudummawar membobi ya tafi ne kan waya ta shinge da tiyo. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla bayan wannan rahoto. Shingen makabarta bai kai ƙarshe ba, gefen gabas a buɗe yake.

Sabon jadawalin ban ruwa zai fara aiki makon farko na Janairu, an liƙa shi a ƙofar ofishin Katikis. Gidan da ya ga ranarsa ba za ta yiwu ba, ya faɗa wa magatakarda tun yanzu a musanya masa.

Magatakarda, a madadin kwamiti