Rigakafin sankarar bakin mahaifa: a shigo da limaman zango

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in yi magana kan allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, da gwamnatin Ghana ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a 2025. Nan Aboabo na ji wasu iyaye suna cewa wai dabarar hana haihuwa ce, wata maƙwabciyata ma ranar da aka je yin allurar a makaranta ta hana 'yarta zuwa.

Gaskiya ciwon daji yana da wuyar magani, domin ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suke rikiɗewa suna ta hayayyafa, maganin da zai kashe su sai ya taɓa lafiyayyun, ga zubewar gashi, ga amai, kuma in ya bazu zuwa hanta ko ƙashi to aiki ya yi nisa. Mu kuma sai an gama jiƙe-jiƙe da tofi kafin a nufi asibitin Komfo Anokye. Amma wannan na bakin mahaifa yawancinsa ƙwayar HPV ce ke kawo shi, ana iya tare shi tun da wuri.

Shawarata, ma'aikatan lafiya su zauna da limamai da sarakunan zango su yi musu bayani da Hausa, a faɗa a huɗubar Juma'a da wajen suna, ba a rediyo da Turanci kawai ba.

Naku,
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi