Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Babbar Sakatariyar Ramsar: Ina Ruwan Watan Agusta?

Zuwa ga Dakta Musonda Mumba,
Babbar Sakatariyar Yarjejeniyar Ramsar,
Gland, ƙasar Suwizalan.

Ranki ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ba za mu ja ki da dogon yabo ba, domin lokacin da muke magana a kansa gajere ne, makonni goma sha ɗaya kacal, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba.

Mu masu kallon tsuntsaye ne a gaɓar teku da dausayi, kuma kokenmu ɗaya ne, ruwa. A ƙarshen bazarar arewacin duniya, daidai lokacin da tsuntsayen bakin ruwa ke gangarowa daga inda suka yi ƙwai a yankin Aktik, wurare da yawa masu ɗauke da tambarin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, ba su da ruwan da ya dace da su. Wani ya bushe ƙayau har ƙasa ta tsattsage. Wani kuma an toshe shi ya cika maƙil har gindin ciyawa, babu ko tafin hannu na taɓo a waje. Ga tsuntsun da ya taso daga Taimir da ke arewacin Saiberiya, duka biyun yunwa ce. Cikakken sunan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 2 ga Fabrairun 1971 ya ambaci mazaunin tsuntsayen ruwa ƙarara. Muna tunatar da ke ne kawai, ko da yawan taruka ya sa an manta da rabin sunan.

Kin san yadda ayarin yake tafiya. Manya ne ke fara wucewa tun cikin Yuli, gashinsu ya koɗe, wasu sun soma zubar da shi. 'Ya'yan bana suna biyo baya daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, su kaɗai babu iyaye, gashinsu sabo fil, kowane gashin baya da siririn farin gefe kamar an zana da alƙalami. Duk mai madubin hangen nesa yana bambance su daga nesa. Waɗannan ƙananan ba su taɓa bin hanyar ba, kuma ba su iya kiwo kamar manya ba. Su ne ke fara mutuwa idan zango ya lalace.

Abin da suke nema a zangon ba wani abin mamaki ba ne. Ƙananan masu tsince-tsince, irin Calidris minuta wanda nauyinsa bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, suna kiwo ne a kan jiƙaƙƙen taɓo da ruwan da bai wuce santimita uku ko huɗu ba. Masu dogon baki da dogayen ƙafafu suna iya shiga santimita 10 zuwa 15. Sama da haka wurin ya zama na agwagwa. Abincinsu jajayen tsutsotsin cikin laka ne da ƙananan dodon koɗi, kuma waɗannan ba sa taruwa dare ɗaya: sai an cika kududdufin aƙalla wata guda kafin baƙin su iso. Daga nan sai a riƙa rage ruwan a hankali, santimita biyu zuwa uku a mako, ta hanyar cire katako ɗaya-ɗaya daga ƙofar ruwa, domin kowane mako sabon taɓo mai laushi ya fito. Lissafin ma yaro zai iya yinsa. Idan gaɓar tana gangarewa da santimita ɗaya a kowace mita, rage ruwa da santimita biyu zai buɗe taɓo mai faɗin mita biyu a kewayen kududdufin gaba ɗaya. Idan kuwa mai motar haƙa ya yanke gaɓar a tsaye kamar ta rijiya, ko an rage ruwan abin da zai fito bai kai taƙi ɗaya ba. Ana kuma son tsiro kada ya rufe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wurin, domin waɗannan tsuntsaye ba sa sauka inda ba za su hango shaho daga nesa ba. In an bar kacalla shekara biyu ko uku ba a yanke ba, ta cinye gaɓar.

To ina abin yake lalacewa? Katakan ƙofar ruwa su ruɓe, ba a sauya ba, ruwan ya tsiyaye tun Yuni. Ko kuma ƙofar ta yi tsatsa ta ƙi buɗuwa. Ko ma'aikacin da ya san aikin ya tafi hutun Agusta, wanda ya bari ya zare katako uku a rana ɗaya don ya huta da zirga-zirga. Taɓon da aka buɗe gaba ɗaya haka yana bushewa cikin 'yan kwanaki ya yi ɓawo, bakin tsuntsu ba ya iya huda shi, tsutsotsin da ke ciki kuma sun mutu. A kududdufan gishiri na bakin teku akwai ƙarin matsala: ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, zafin rana yana ƙafar da ruwan ya bar gishirin, in ba a buɗe ƙofa an shigo da sabon ruwa lokacin babbar cikar teku ba, gishirin zai yi ta hauhawa har ya kashe abincin.

Mafi muni ita ce gubar botulinum, wadda wata ƙwayar cuta ke fitarwa, kuma ƙarshen bazara ne kakarta. Ruwa mara zurfi, ya ɗumama, iskar cikinsa ta ƙare, kifi da ƙwari suka mutu sakamakon saukar ruwa farat ɗaya. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa a cikin mushe, ƙuda ya yi ƙwai a kai, tsutsar ƙudan ta tara gubar a jikinta ba tare da ta cutu ba, agwagwa ta ci 'yan ƙwarori ta mutu, ita ma ta zama mushe. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa: agwagwa a gefen ruwa ta kasa tashi, tana jan jiki da fukafukai, wuyanta ya saki ya kwanta kamar igiya, har kanta ya nutse a ruwan da bai kai idon sawu ba. Maganin sananne ne, a zagaya kullum da safe a kwashe mushe a binne ko a ƙone, kafin tsutsa ta fito. Aikin mutum biyu ne da kwalekwale da safar hannu. Amma sai an sa shi a kasafin kuɗi tun kafin Yuli, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ki ce wannan aikin masu kula da kowane wuri ne. Gaskiya ne. To bari mu hau sama inda naki yake.

Doñana, a kudancin Sifaniya, ta shiga jerin Ramsar a 1982. An sa ta cikin Kundin Montreux, wato jerin wuraren da ke cikin haɗari, tun 1990. Tafkin Santa Olalla, wanda shi ne mafi girma cikin tafkunanta da ake ce wa na dindindin, ya ƙafe a 1983 da 1995 bayan dogon fari. Sai ga shi ya ƙafe ƙaf a 2022, ya sake a 2023, ya kuma sake a 2024, shekara uku a jere. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ruwa ba ya tsami banza: rijiyoyin burtsatse na gonakin sitiroberi, da yawansu ba bisa ƙa'ida ba, da famfunan garin shaƙatawa na Matalascañas, duk daga tulu ɗaya na ƙarƙashin ƙasa suke zuƙa, kuma sun fi zuƙa a lokacin zafi. Tawagogin Ramsar sun je duba wurin, har da na 2011 da 2020, sun rubuta rahoto. Amma wanda ya ce wa Sifaniya ta karya doka ita ce Kotun Tarayyar Turai, a watan Yunin 2021. Shekara fiye da 30 a jerin marasa lafiya, ranki ya daɗe! Ko asibiti ne ai ya ci a ce an sallami majinyacin ko an yi masa sutura. Las Tablas de Daimiel ma a 1990 ta shiga kundin nan, ta bushe har ƙasarta ta kama da wuta daga ciki a 2009.

Ba mu manta da Saemangeum ba. A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe katangar teku mai tsawon kilomita 33, ta yanke ɗaya daga cikin manyan zangunan tsuntsayen bakin ruwa na Tekun Rawaya daga hawa da saukar ruwa. Bayan shekara biyu, a 2008, babban taron Ramsar ya zauna a Changwon, a cikin ƙasar, aka yi jawabai aka tafa. Wannan ba a zamaninki aka yi ba. Amma taron Victoria Falls na ƙasar Zimbabuwe a zamaninki aka yi shi, daga 23 zuwa 31 ga Yulin 2025, a makon da manyan tsuntsaye ke sauka a zangunan arewa, kuma a nan aka amince da sabon tsarin aiki na 2025 zuwa 2034. Rahoton ofishinki na 2018 ne ya gaya wa duniya cewa kashi 35 cikin ɗari na dausayi sun ɓace tsakanin 1970 da 2015, ninki uku na saurin ɓacewar dazuzzuka. Ku kuka faɗa, mu maimaitawa kawai muke yi. Wurare sama da 2,500 ne a jerinku yanzu. Nawa ne daga ciki ke da sandar awon ruwa a kafe, wadda wani ke karantawa kowane mako?

Akwai wata makanta kuma da ta samo asali daga ƙidaya. Babbar ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, a tsakiyar Janairu ake yinta. Ma'auninku na sa wuri a jerin Ramsar, wato tsuntsaye 20,000, ko kashi ɗaya cikin ɗari na wani jinsi, ya fi dogara da irin waɗannan alƙaluma. Zangon Agusta kuwa kamar tasha yake: ka ƙirga 3,000 yau, ka ƙirga 3,000 bayan kwana goma, alhali yawancin na farko sun tashi wasu ne suka sauka. Jagororinku sun amince da haka a rubuce. A aikace, kududdufin da ya ciyar da dubbai a Satumba yana iya zama fayau a Janairu, sai takarda ta nuna ba shi da wani amfani. Tekun Wadden da ke arewacin Turai yana karɓar tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 a shekara, Banc d'Arguin na Muritaniya yana riƙe wajen miliyan biyu lokacin sanyi, waɗannan kowa ya san su. Ƙananan zangunan da ke tsakani su ne marayu. A watan Oktoban 2022 wani ɗan Limosa lapponica, tsuntsun bakin ruwa mai dogon baki, mai wata biyar ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Jaridu sun yi ta yayatawa. Kitsen da ya kai shi can, wanda kan kai kusan rabin nauyin irin wannan tsuntsu kafin tashi, a kan taɓon Agusta da Satumba ya tara shi.

Mun san ba ki da 'yan sanda, mun kuma san ba a sa wuri a Kundin Montreux sai ƙasar ta yarda. Amma kina da alƙalami da takardar tambayoyin da kowace ƙasa ke cikewa kafin babban taro. Don Allah ki yi amfani da su. Sashe na 3.2 na yarjejeniyar ya wajabta wa ƙasa ta sanar da ofishinki ba tare da ɓata lokaci ba idan yanayin wuri ya sauya ko yana shirin sauyawa. An kuma amince a 1996 a riƙa sabunta bayanan kowane wuri duk shekara shida. Abin da muke roƙo bai kai waɗannan nauyi ba. Kowane wurin Ramsar da ke kan hanyar ƙaura ya fitar da shafi ɗaya tak kafin Yuni: zurfin ruwan da ake so a kowane kududdufi mako-mako daga Yuli zuwa Satumba, wa ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, wa ke maye gurbinsa in ya tafi hutu, daga ina za a kawo ruwa in an yi fari, wa ke kwashe mushe. A kafa sandar awo inda mai kallo zai iya karanta ta daga rumfar laɓewa. Mu za mu karanta, mu rubuta, mu aiko kyauta, ai dama muna wurin da sassafe. Ƙasar da ta ƙi, ki karanta sunanta a zauren taro. Kunya ma makami ce.

Sauran koke-koken ƙanana ne. Teku na cika sau biyu a yini, kowace rana yana jinkirta da kusan minti 50, kuma kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da cikarsa ruwan yana rufe taɓon gaba ɗaya, tsuntsaye su takure a kan ɗan tudun yashi ɗaya suna jira. Kare ɗaya da aka saki a wannan sa'a ya isa ya tashi dubbai, su yi ta shawagi suna ƙona kitsen tafiya. Igiya da allo da mai gadi na sa'a uku a ranakun babbar cika sun wadatar. A liƙa jadawalin hawan teku a ƙofar shiga, don baƙo ya san ya zo sa'a biyu kafin cika. A daina gina rumfar kallo tana fuskantar rana. A ƙara ƙidaya ɗaya a ƙarshen Agusta.

Waɗannan duk za su iya jira. Shafin ruwan nan ne muke so mu gani kafin Yuni mai zuwa, kuma za mu duba sandunan awo ranar 15 ga Agusta.

Naki cikin girmamawa,
Wasu masu kallon tsuntsayen ruwa.